Maharbin da Ya Ɗauki Saiwa

Hutun da ya wuce, 'yata Rukayya ta zo mana da wani wasa daga jami'a. Suka kewaye teburin falo ita da ƙawayenta, da wasu ƙwayoyi irin na ludo masu fuskoki barkatai. Sai da na tabbatar ba caca ba ce na ƙyale su. Ɗaya ke ba da labari, sauran kowa da mutumin da take takawa a ciki. Ina tsince shinkafa na ji gardama ta kaure: Rukayya mayaƙiya ce a labarin, tana so ta haɗa da aikin magani, ƙawarta tana cewa, "Kada ki soma! Ko'ina rabi za ki zama." Na ajiye tiren. Shekaru masu yawa ban ji wannan maganar ba.

A gidanmu na Ƙofar Taramniya, Kakarmu ba ta yin tatsuniya ita kaɗai, sai da mu a ciki. Lokacin ɗari, da an idar da magariba, takan zuba garwashi a kasko, ta jawo ƙwaryarta ta ce, "Ga ta nan tahe. Wa ka shiga cikinta?" Mu ce, "Mu na, Kaka!" A cikin ƙwaryar akwai tsinken tsintsiya na maharbi, da ƙusa ta maƙeri, da ƙugiya ta masunci, da wata busasshiyar saiwa ta mai magani. Abin da ka ɗauka shi ne sana'arka a tatsuniyar, yau da gobe da jibi. Duk maraicen da mutuminka ya yi abin kirki, Kaka ta jefa maka ƙwallon dabino a gwangwaninka, kuma gwargwadon ƙwallayenka gwargwadon abin da za ka iya a labarin.

Ni ce mai ƙugiya. Lawali, ɗan baffanmu, shi ne maƙeri. Yayana Sahabi maharbi ne, gwangwaninsa ya fi na kowa nauyi, yana girgiza mana shi a kunne don mu ji haushi. Saiwa kuwa ba mai sonta. Autarmu Hajo ba ta isa sana'a ba, sai Kaka ta ba ta aikin kiran tsuntsaye, in mun ɓata a daji ita ke yin fito su nuna mana hanya.

Hajo tana da ciwon da ke tashi da sanyi, wanda daga baya muka san sunansa sikila. Wata shekara ya kama ta da ƙarfi. An je asibiti an dawo, an sake komawa an dawo. Ta daina zama, sai dai a kwantar da ita a cinyar Kaka, a lulluɓe. Ran nan ana cikin labari ta ce da 'yar muryarta, "Kaka, ni ina nike?" Kaka ta shafa kanta ta ce, "Kina cikin bukka bakin gulbi, jikinki ba daɗi, tsuntsaye suna gadinki."

Sahabi ya miƙa hannu cikin ƙwarya. "Kaka, saiwa nika so."

"Angona, ka san doka kuwa?" Haka take kiransa, da wasan kaka da jika. "Zauna in hwaɗa maka, kada gobe ka ce tsohuwa ta cuce ka."

Dokar Kaka ba ta da sassauci. Ba a ba ka sana'a ta biyu sai hannunka ya nuna a ta fari, wannan kam Sahabi ya cika. Sai ka nemi gwani a cikin labarin ka durƙusa masa, ka fara daga ƙasa kamar wanda bai san komai ba. Kayan aikin gwani ba naka ba ne, na ɗan koyo za a ba ka. Abin da ka iya a da ba a ƙwace shi. Amma ƙwallon dabino ɗaya ne a maraice, kuma ba ya shiga gwangwani biyu: ran da maganinka ya ƙaru, bakanka yana nan inda ka bar shi.

Lawali ya kwashe da dariya. "Maharbi zai koma dakan ganye! Wallahi ko zomo ya daina tsoronka."

"Ina ruwanka, mai baƙin hannu?" in ji Sahabi. "Na ji, Kaka. Ba ni."

Haka labarin ya tafi. Maharbi ya rataye bakansa, ya je wurin wata tsohuwa mai magani a bayan dutse. Ta sa shi ɗiban ruwa, ta sa shi daka, ta koya masa bambanta ganye da ganye. Kaka ta nemo masa sabon gwangwani, fayau, muna jin ƙarar ƙwallo ɗaya yana yawo a ciki. Lawali ya wuce shi, har ni na kamo shi. Bai ƙara girgiza mana komai a kunne ba. Kullum tambayarsa ɗaya: "Yanzu na isa?" Kaka ta ce, "Da saura."

Sai maraicen da jikin Hajo ya yi tsanani, numfashinta har muna ji. Sahabi bai jira an buɗe tatsuniya ba. Ya ce maharbi ya bar gidan tsohuwa, ya kama hanyar gulbi, ya shiga bukka.

"Na daka ganye na ba ta. Ta warke. Ko ba haka ba, Kaka?"

Duk muka zuba mata ido, har Lawali. Kalma ɗaya ce, ba wanda zai ce ta karya doka. Kaka ta daɗe tana tona garwashi da tsinke.

"Ɗan koyo ba ya warkarwa, angona."

"To a juye na baka cikin na magani! Duka na ba da!"

"Ba a juyewa," in ji Kaka. "Amma ga abin da hannunka ya isa. Ya isa shi jiƙa tsumma, shi ɗora mata ga goshi. Ya isa shi murza mata ƙahwa har zugi shi lahwa. Ya isa shi zauna, kada ta buɗe ido ta ga ba kowa."

Sahabi ya yi kuka irin wanda ban taɓa gani ba. Sannan ya share fuska, ya matso ya ɗauki ƙafar Hajo ya ɗora a cinyarsa, yana murzawa. Kaka ta ci gaba: maharbi ya murza, tsuntsaye suka yi shiru, yarinya ta samu barci. Hajo ta buɗe ido ta ce, "Yaya, hannunka da ɗumi." Kafin ɗari ya fita, Allah ya karɓi abarsa. Ba a sake fito da ƙwaryar ba.

Na daɗe ina jin zafin Kaka a raina. Sai da na yi haihuwar fari, tana gasa mini jiki, na tambaye ta me ya hana ta ba yaro abin da ya roƙa, ko a tatsuniya ne.

Ta ce, "Balki, na san ɗiyar nan tahiya za ta yi. Da na ce ya warkar da ita, ran da anka ɗauke ta sai shi ce shi ne bai iya ba. Rai ba hannunai yake ba. Na ba shi abin da ke hannunai."

Yaya Sahabi bai taɓa zama babba a ko'ina ba. Ya yi gyaran injuna a kamfanin siminti na Kalambaina, sa'o'insa suka hau suka bar shi, don lokacin da mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki shi ne ya koyi juya mara lafiya, da wanka, da canza shimfiɗa. Daga nan unguwa ta san shi: duk gidan da aka kwanta, ana ganin takalmansa a ƙofar ɗaki. Ba likita ba ne, bai taɓa cewa ya warkar da kowa ba. Ran da ya rasu, Allah ya jiƙansa, mutanen da ban sani ba suka cika zaurenmu, kowa abin da yake faɗa ɗaya ne: "Shi ya zauna da tsohonmu."

Na dawo daga tunani na tarar gardamar 'yan matan ba ta ƙare ba. Na tambayi mai ba da labarin, in Rukayya ta haɗa, me za ta iya. Ta ce, "Kaɗan ne fa, Mama. Takobinta zai tsaya, maganin kuma sai ƙaramin rauni."

"Mama, ke me kika gani?" in ji Rukayya.

Na ɗauki tirena don kada su ga idona. Na ce, "Ɗauki saiwar."

"Wace saiwa kuma?"

Na ce su gama wasansu tukuna, in an yi magariba su zo in ba su labarin kawunsu.