Baffa Buba da taron iyayen yara

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baffa Buba, makiyayin da ya koya mini aikin da gwamnati ke biyana albashi a kansa.

Lokacin da aka turo ni shugabancin wata firamare a yankin Tabanni, na kira taron iyayen yara sau biyu, mutum uku kawai suka zo. Na yanke hukunci a raina cewa mutanen nan ba su damu da karatu ba. Ranar kasuwa sai ga wani dattijo daga rugar bayan rafi, ya jingina sandarsa a ƙofar ofis.

"Malam, takarda ka aiko mana, mu da ba ma karatu. Ka sa taro ranar kasuwa. Wa ka tambaya?"

Wannan dattijon shi ne Baffa Buba. Da shawararsa muka mayar da taron bayan sallar Juma'a, muka ƙyale yaran ruga su iso makaranta bayan an gama tatsar nono. Shi ya riƙa bi da ni gida-gida, yana fassara mini Fillanci, yana zungurina idan na cika dogon bayani. Daminar da iska ta kwashe rufin aji uku, manoma suka kawo azara, mutanen ruga suka kawo ciyawa. Ban roƙi kowa ba.

Mun shafe shekaru masu yawa muna aiki tare, sai wata rana da rana tsaka 'yan bindiga suka zo kore masa shanu. Ya tsaya a gabansu, suka harbe shi.

A taron da ya biyo baya, wani manomi ya miƙe ya ce kada a ƙara gayyatar mutanen ruga, ba a san na gari a cikinsu ba. Ina zaune, na san wanda aka binne kwana tara da suka wuce, amma tsoro ya hana ni buɗe baki. Wannan shirun yana damuna har yau. Kafin kaka rugar ta watse, daga baya makarantar ma aka rufe ta.

Yanzu an sake buɗewa, ni kuma na yi ritaya a Birnin Gwari. Na kai ziyara kwanan baya, na tarar da malamai matasa suna ƙorafin iyaye ba sa zuwa taro. Da Baffa na nan, ba na jin zai yi musu faɗa. Zai ce su sa takalmi su biyo shi.

Ban san inda iyalinsa suka nufa ba. Na yi cigiya har na gaji. Abin da ya rage nasa a garin shi ne wasu iyaye 'yan kaɗan da suke shiga ofishin hedimasta ba tare da sunkuyar da kai ba, su tambayi abin da aka koya wa 'ya'yansu. Galibinsu a ƙarƙashin rufin ciyawar nan suka yi karatu.

Allah ya jiƙanka, Baffa. Ka yafe mini ranar nan.