Tanon Ƙarshe a Motar Ya Kyari

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, yanzu kuwa furfura ta fito, saboda haka mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata, ko na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba. Abin da nake da yaƙini a kansa shi ne wata safiya cikin bazarar da ta biyo bayan daminar 1984, wadda ba ta yi ba. Ina tsugune a bayan ɗakin Inna, a gidanmu na unguwar Zango a Damagaram, ina wanke rigar yayana Kyari da ruwan da bai cika ƙwarya ba. Na sa hannu a aljihu sai na ji ƙullin takarda. Ƙwayoyi ne ƙanana, farare, shida ko bakwai.

Kyari bai wuce sha shida ba, ko da yake Inna takan ce sha bakwai. Babanmu yana da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe, yana ɗauko albasa da rake daga Gidimuni. Da fari ya kama, kayan lambu suka ja baya, kurkunu kuma ya fito wa Baba a ƙafar dama ya kwantar da shi. Ruwa a Damagaram dama abin wuya ne, amma shekarar nan famfon unguwa yakan yi kwanaki bai ɗiga ba. Mu 'yan mata mukan jera garewani a layi tun asuba, mu zauna gefe muna carafke da tsakuwa, har lokacin lakwal, wato makaranta, ya yi mu tafi da ƙafa ba wanki. Sai Kyari ya ɗauki makulli, ba shi da parmi, takardar izinin tuƙi, ya ɗora tano shida, manyan gangunan ƙarfe, ya riƙa ɗebo ruwa daga rijiyoyin fadama ta wajen Mirya yana sayar wa 'yan garuwa. Jar dawar da muka ci a gidan nan, daga motar ta fito.

Da na nuna masa ƙullin, dariya ya yi.

"Ke Falmata, uwar bincike, mushenku na lakwal ne ya aike ki aljihuna?"

"Mene ne wannan, Ya Kyari?"

"Mai korar barci. Har yunwa yake kora, kin ga tuwona ya zama naki."

Na ce zan gaya wa Baba.

"Je ki gaya masa. Ya karɓe makulli, ke ki ɗauko tano a ka daga Mirya."

Na je kuwa. Na tarar da Baba a zaure yana naɗe kurkunun a jikin tsinke, kaɗan-kaɗan, zufa na zuba. Kafin in buɗe baki ya ce, "Allah ya yi wa Kyari albarka, shi ne ƙafata yanzu." Na zauna na riƙe masa ƙwaryar ruwan ɗumi, na tashi ban ce komai ba. Bayan nan na koma zauren da niyya sau biyu, ko uku. Ina ganin idon Kyari yana ja, yana cizon haƙora ko ba ya cin komai, yana surutu ba tsayawa, sannan ya yi fushi a kan abin da bai kai ba. Kullum sai in ce gobe.

Akwai wata al'ada da ya tsiro da ita, wadda dole in bayyana. A bakin gari, kafin duwatsu, mutanen arewa da dabbobinsu suka ƙare sun kafa bukkoki na tabarma da tsumma. Matansu kan tsaya a gefen hanya da ƙore da gwangwanaye. Kyari yakan ɗaure tanon ƙarshe a kwance, ya bar murfinsa a sassauce, in ya iso wurin ya rage gudu ya taka birki sau biyu, ruwa ya fantsamo ta baya, matan su bi motar suna tarawa. Yana kiransa tanon Allah. Motar ba ta da madubi, don haka yakan leƙo da kai ta taga, ya waiwaya ya ga wa ta samu, wa ba ta samu ba. Har sunaye ya raɗa musu.

Ranar da abin ya faru babu lakwal, ya tafi da ni in riƙe masa mazurari. Sawu na uku ne, bayan azahar. A bakin rijiya na ga ya haɗiyi ƙwaya biyu, ya kora da ruwan guga. A hanya yana ta waƙa yana dukan sitiyari. Da muka iso bukkokin, a ganina bai rage gudu kamar kullum ba. Ya taka birki, ya fitar da kai har kafaɗa yana kiran wata tsohuwa, "Kaka mai gwangwani, ɗaga ƙafa mana!" Ni ce nake kallon gaba. Wata mata ta fito daga ɗaya gefen hanyar da ƙwarya a hannu, tana so ta tsallaka ta riski 'yan'uwanta. Ina jin ta saba ganin motar tana tafiya a hankali a wurin. Na yi ihu, ko kuma na buɗe baki ne kawai, ban sani ba.

Ƙarar bugun da motar ta yi mata ba ta da yawa. Motar ta sauka cikin yashi, igiya ta tsinke, tano biyu suka gangara suka buɗe. Matar tana kwance a gefen kwalta, zanenta baƙi, ba ta motsi. Wasu mata suka rufu a kanta suna kuka. Wasu kuma suka durƙusa inda ruwan ke malala, suna kwasa da hannu kafin yashi ya shanye. Ban taɓa ganin laifinsu ba. Kyari yana zaune riƙe da sitiyari yana maimaitawa, "Ai na taka birki, ai na taka."

Jandarmomi suka tafi da shi da motar. Sun sami ƙullin a aljihunsa. Ya yi watanni a kaso, gidan yari, motar kuwa ba ta dawo ba, Inna ta sayar da kwanukan aurenta muka ci. Da labarin ƙwayar ya iso gida, Baba ya tara mu a tsakar gida ya ce, "Duk gidan nan ba wanda ya gani?" Ya dubi Inna, ya dubi ƙannena, ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Baba ya rasu bayan shekara tara yana zaton ba wanda ya gani.

Na yi karatu har jami'a, kuma karatun ya koya mini in yi hattara da yanke hukunci. Ba zan iya rantsuwa cewa ƙwayar ce ta kashe matar ba. Waiwayen ma ya isa, birkin kuma dama ba shi da ƙarfi. Ba zan iya cewa da na yi magana Baba zai karɓe makullin ba, don yunwa ce a ƙofa. Sai dai shi ya kamata ya yanke wannan, ni kuwa na yanke masa.

Yanzu Zango ta cika da 'yan kabu-kabu, da yawansu ba su kai Kyari na lokacin ba. Ina ganin yaro a kan babur, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ido jajir, mace da goyo a bayansa. Nakan tsaya in yi magana, su ce Hajiya ta cika tsoro. Ba na musu. Nakan tuna dai cewa kowannensu yana da wata a gida mai wanke masa riga.

Kyari yana nan da rai, yana sayar da gishiri a kasuwa, bai ƙara taɓa sitiyari ba. Na karanta masa wannan, ya ce tano uku ne suka gangara, ba biyu ba, bai gyara komai ba bayan haka. Duk wanda yake bakin hanyar nan ran nan, ina roƙonsa ya aiko mini da gyaran abin da na kuskure. In kuma akwai wanda ya san sunan matar da garinsu, shi na fi buƙata, don mu ba mu tambaya ba.