Dogo Magini da Bangon Bariki

Tsohon barikin sojan da ke kan dutse ya girmi kakan kowa. Waɗanda suka gina shi sun tafi, waɗanda suka kore su ma sun bi sahu, aka bar wa awaki da ƙadangaru mulki. Sai kuma Dogo magini, da ba wanda ya ba shi gadi, shi ya naɗa kansa.

A can aka haife shi, lokacin ubansa na yi wa soja wanki. Ɗakunan sun zube tuntuni, saura bangon ƙofa guda, mai ramukan zura bindiga. Kullum da yamma Dogo zai hau yana haki, ya tsaya yana shafa bangon nan kamar mai tayin saniya.

"Malam, ni ba ka taɓa shafa ni haka ba," in ji matarsa. "Ko sai na tsage tukuna?"

"Ke ai kin fi shi ƙwari."

Bangon kuwa ya tsattsage. Duwatsu ne aka jera da farar ƙasa, ruwa ya shiga, in rana ta fito ya tsatso ya fice. Ina Dogo ya san wannan! Shi a siminti ya buɗe ido, da ma zai samu da shi zai yi wa mutum maganin ciwon kai. Ya dinga hawa da rabin buhu a ka, gwiwa na ƙara, ya toshe kowace kafa, ya shafe bangon sumul kamar falon mai kuɗi. Gari ya yi ta sa masa albarka.

Da damina ta zauna, ruwa ya shiga ta sama ya rasa mafita. Bango ya fara tumbi. Dogo ya ga kumburin, ya gane abin da ya yi, ya hau da guduma zai ɓamɓare simintin. To, bawan Allah bai iya ha'inci ba. Simintin ya kama gam, in ya ɓalle sai ya taho da dutse. Ya ajiye gudumar. Kwana da kwanaki yana zaune kan kututture cikin yayyafi, yana kallon tumbin na ƙaruwa.

Wata safiya bangon ya durƙusa, ko ƙarar kirki bai yi ba.

Kafin rana ta take, maƙwabta sun iso da baro don kwasar duwatsun. Wani mai gini a gangare ya rusuna.

"Baba, sannu da haƙuri. Kai ka san su, waɗanne ne za su yi harsashin gini?"

Dogo ya ɗaga hannu ya nuna masa manyan na ƙasa.