Ranar da Na Hau Katakon Malam Sabo

Farkon damina ne, shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Gari ya yi sanyi bayan zafin bazara, mutane kuma kamar an kwance su daga ɗauri, har mai shayin bakin titi yana da shawarar da zai ba sabon gwamna. A cikin wannan yanayi aka yi ranar da har yau ba ta bar raina ba. Tunda ku 'yan baya kun dame ni da tambayar abin da ya sa tsofaffin ma'aikata ke ce mini Direba, to ku saurara.

Lokacin ina aiki a wata cibiyar koyar da sana'a ta naƙasassu a Gwale, cikin Kano. Sashenmu shi ke yin katakon nan mai ƙananan tayoyin boris, wanda guragu ke zama a kai suna turawa da hannu. Kafintanmu, Baba Isa, shi zai yanka ya ɗaura tayoyi, ni in rufe da fata in ɗinke, sannan shugaban sashe, Malam Ɗanlami, ya duba. Ba abin da ke fita sai ya amince.

Da itacen maɗaci muke yi. Yana da ƙwari, amma nauyinsa kamar turmi. Malam Sabo, wani gurgu mai wankin hula a unguwar Sheshe, shi ya fara kawo kuka. Da kansa yake kai wa mutane hulunansu lungu-lungu, duk inda ya iske kwata kuma sai ya sauka ya ɗaga katakon da hannu ɗaya ya tsallakar. Kafaɗarsa har ta kumbura.

"Yaya Balaraba," ya ce mini, "in ba a samo mini mara nauyi ba, zaman gida ya kama ni. Masu hula kuwa ba sa jiran kowa."

Sai ni da Baba Isa muka gwada itacen rimi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, amma shi kaɗai ba ya jure wahala. Muka jiƙa zaren rama da gam muka naɗe shi tsaye da kwance, ya bushe, muka shafe da kakin zuma, na rufe da fata. Da yatsa biyu kana iya ɗaga shi.

Gwajin da aka saba a sashen shi ne a ɗora buhun masara a bar shi ya wuni. Aka ɗora, bai ko motsa ba. Malam Sabo ya kwashe da dariya.

"Buhu yana faɗawa rami ne? Buhu yana shan kwana? Ku ba ni in hau kawai."

"Ba za ka hau ba," in ji Malam Ɗanlami. "In ya karye da kai, a kan hannu za ka faɗi, hannun kuma shi ne ƙafarka, shi ne abincinka. Sai wanda ya fi ka nauyi ya gangara da shi a gangaren bayan sito tukuna."

Muka dubi juna. Baba Isa kamar tsinke yake. Malam Ɗanlami ya sha sabuwar babbar riga, zai je gaida sabon shugaban ƙaramar hukuma. A hankali na ga idanu suna dawowa kaina.

"Haba Malam, ni uwar yara?"

"Ai shi ya sa, Yaya," in ji Malam Sabo. "Allah Ya yi miki albarkar jiki."

Ni da ko keke ban taɓa hawa ba, na ɗaure mayafi a ƙugu, na tattare zani, na zauna. Malam Sabo ya zura mini silifansa na turawa a hannu. Na yi bisimilla, Baba Isa ya ɗan tura ni.

Jama'a, ashe haka abin yake! Boris ya ɗauki ƙara, iska ta cika mini kunne, ɗankwalina ya yi nasa wuri. Na fara da salati, ban san lokacin da ya koma dariya ba. Kajin maigadi suka watse. Ina jin Malam Sabo yana ihu, "Karkata hagu! Hagu, Yaya!" Ni kuwa hagu da dama duk sun ɓace mini. Na daki wani rami, katakon ya ɗan lanƙwasa a ƙarƙashina ya miƙe. Sai a nan na tuna ba wanda ya koya mini tsayawa. Kududdufin ruwan da aka yi jiya shi ya tare ni, tsundum, ni da katakon.

Suka iso da gudu, suka same ni zaune cikin taɓo ina dariya har da hawaye. Malam Ɗanlami ya riƙe rigarsa da hannu ɗaya, ya juya katakon, ya ƙwanƙwasa. Ko tsagewa babu.

"Ƙarfi dai ya yi," ya ce. "Saura ruwa. Rimi da rama in suka sha, ruɓewa suke yi. A bar shi zuwa gobe. In ruwa ya shiga ciki, katakon ba zai fita daga nan ba."

Dariyar Malam Sabo ta ɗauke. Ya koma gida a kan tsohon maɗacinsa, yana ja da ƙyar.

Ranar na gane cewa shekara da shekaru ina ɗinka abin da ban san yadda ake ji a kansa ba. Ban san kowane rami a kafaɗa yake ƙarewa ba, ban kuma san akwai daɗi a cikinsa ba. Tun daga nan, duk wanda ya shigo sashenmu sai ya hau kafin ya taɓa allura.

Washegari na shafa man zafi a ƙugu, na riga kowa zuwa. Na farke ɗinkin gefe ɗaya, na tura yatsa ciki. A bushe yake ƙarau. Na mayar na ɗinke. Sannan na duba hagu, na duba dama, ba kowa sai kaji. Na ɗauki katakon na nufi bayan sito.

Ina tsakiyar gangara na ji muryar Malam Sabo daga bakin ƙofa.

"Direba! A sauko haka nan, masu hula na jirana!"