Mai Hancin Yaya Isuhu

Ranar wata Talata ce bayan kaka, shekara shida ke nan, da misalin ƙarfe huɗu da rabi, an idar da la'asar ba da jimawa ba. Wurin kuwa ƙofar gidanmu ne a Gangara. Waɗanda ke nan: ni, da Baba Bukar makanike, da direbobi uku abokan yayana, da wani mutumin Damagaram mai sayen tsohon ƙarfe. Na lissafa su ne don ku san ba ni kaɗai ba ne, kuma rana na sama. Na daɗe ina aikin rediyo a Tanut, aikin ya hore ni kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Wallahi wannan ya faru.

In ba ku zauna da direbobin kamiyo, manyan motocin lodin nan, ba, ba za ku gane yadda suke da motocinsu ba. Akwai mutanen 'yar Jamus, akwai na 'yar Faransa, ga kuma masu sababbin nan na Sin, kuma kowa zai rantse maka tasa ce mota, sauran gwangwani ne. Yayana Isuhu mutumin 'yar Jamus ne, tsohuwar nan mai dogon hanci. Shekara ashirin da biyu yana jan guda ɗaya, gero da awaki da fasinja a sama, daga Belbeji zuwa Tanut zuwa Damagaram. Yakan ce, "Mota mai hanci in ta haɗu da mutuwa ita ke fara gaisawa da ita. Waɗannan naku masu shafaffiyar fuska, ai direba ne hancin." In zai shigo gari kuma, daga kwarin da ke gabas yake danna oda, gajeru biyu doguwa ɗaya, sai matarsa Dije ta ɗauko kwanon ruwa ta tsaya a zaure.

Ni na raba shi da ita. Motar ta tsufa, kwana biyu a hanya kwana uku a gareji, bayansa na ciwo, ni kuwa ina ganin na yi lakkal, na yi karatun boko, na fi shi hangen nesa. Na samo masa aiki wurin wani ɗan kasuwa mai sabuwar mota, irin mai shafaffiyar fuskar nan, na dame shi, na sa dangi suka dame shi, har ya gaji ya ce, "To Mushe, na bi ka." Haka yake kirana in yana tsokanata, wato Malam da Faransanci. Ya kai mai hancin gindin aduwar ƙofar gida, ya cire batir, ya tsiyaye man gazuwal, ya kafa wa tayoyin duwatsu, ya ce, "Kada kowa ya taɓa ta. Zan dawo mata."

Wata bakwai ya yi da sabuwar. Raƙuma suka ratso masa a hanyar Belbeji, ya kauce, ya daki bishiya. Jandarmomi sun duba, sun ce motar ba ta da laifin komai, kuma gaskiya ce. An gyara ta, har yau tana aiki. Shi kuwa ko asibiti ba a kai da shi ba. Allah ya jiƙansa.

Shekara biyu ina zuwa gida ina sunkuyar da kai in zan wuce aduwar nan. Da na kasa jurewa, na kira mai sayen ƙarfe. Na tambayi Dije, ba ta ɗago ba, ta ce, "Kai ne babba yanzu, Malam."

To ranar Talatar abokansa suka zo ganin motar na ƙarshe. Na aje rakodata a tabarma na kunna, wai ina haɗa shiri kan gardamar direbobi, amma gaskiya don kada in dubi motar ne. Lawali, mutumin 'yar Faransa, ya ce wa Habu, "Kai da ke jan 'yar Sin, yi shiru manya na magana. Motarka ko haƙora ba ta fitar ba."

Habu ya ce, "Taka kuma sun zube. Ran nan a rairayin Falanko wa ya ja ka?"

Baba Bukar ya ce, "Ku duka yara ne. Waccan da ke gindin aduwa, da waya da ƙusa nake gyara ta a daji. Naku sai an kawo kwamfuta ta tambaye su ina ke ciwo."

Aka yi dariya. Mai sayen ƙarfe ya gama zagayen motar, ya zo ya tsuguna, muka daidaita, ya miƙo hannu, na ce, "Na sallama."

Hannunsa na cikin nawa muka ji ƙugin inji daga gabas. Mutanen nan da kunne suke gane mota tun ba ta ɓullo ba. Lawali ya karkata kai ya ce, "'Yar Jamus ce, tsohuwa." Habu ya ce, "Da lodi." Sai muka ji an sauya giya a hawan kwari, an ɗan ba ta wuta tsakanin giya da giya, yadda mutum ɗaya kaɗai na sani yana yi. Baba Bukar ya miƙe tsaye, carbinsa ya faɗi. Sai oda. Gajeru biyu, doguwa ɗaya.

Ban san lokacin da na tashi ba. Hanyar a miƙe take, ana ganin ta har kwarin, kuma babu komai a kanta sai wata mata da jaki. Jakin ya ratse gefe, matar na ta dukansa. Ƙugin na matsowa, har ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafata, ya wuce ta gabanmu a hankali, ya juya wajen aduwa, ya yi gurnanin nan na motar da ke tsaye, sannan ya shaƙe ya mutu yadda tsohon inji ke yi in an kashe shi. Da na waiwaya, Dije na bakin zaure da kwanon ruwa. Ta dube mu, ta dubi hanya, kwanon ya suɓuce.

Baba Bukar ne ya yi ƙarfin hali ya je. Duwatsun na nan a tayoyi, yanar gizo na nan a madubi. Ya ɗora tafinsa a hancin motar, ya fizge da sauri. Na je na taɓa, zafi zau. Na san za ku ce rana ce, ni ma na faɗa wa kaina haka, sai dai motar a inuwa take, kuma ƙofar da na taɓa da ɗaya hannun sanyi ƙalau. Ƙarfen injin na ƙas, ƙas, irin na motar da ta sha tafiya tana hucewa.

Na ce wa mai saye, "Don Allah Alhaji, a warware cinikin nan." Nan take ya ce ya yarda. Dije ce ta hana. Ta ce, "Bar shi ya ɗauka, Malam. Cewa ya yi zai dawo mata, ya kuwa dawo. Ni ce bai ce zai dawo wa ba." Ta ɗauki kwanonta ta shige.

Washegari a ofis na saurari rakodar sau huɗu. Ga Lawali na cewa 'yar Jamus ce, ga salatin Baba Bukar, ga ƙarar kwano a ƙasa. Inji babu, oda babu. Limaminmu ya ce wanda ya tafi ba ya dawowa, na kuma yarda da shi, amma ban san sunan da zan ba abin da mu bakwai muka ji ba. Abin da zan ce muku kawai, in naku ya riƙe wani abin sana'arsa ya ce da shi hankalinsa ke kwance, ku ba shi shawara sau ɗaya ku ƙyale shi. Ni sau ɗari na ba da tawa.

An yanka motar ranar Alhamis. Dije ta ce a cire mata odar, aka cire, tana cikin akwatinta. Shirin direbobin kuwa ban taɓa sa shi a rediyo ba.