Abin da Mayen Ƙarfe Bai Kama Ba

Ƙanena Sharifu malamin kimiyya ne a lakol, makarantar boko, nan Gazawa. Tun yana yaro ba a barin rediyo kusa da shi. Ya yi karatu a Yamai, ya ƙetare waje shekara biyu, ya dawo da akwati ɗaya da wani ɗan abu ja mai duhu, faɗin farce, a cikin gwangwanin minti.

Ya sha yi mini bayaninsa. Wai a ciki akwai ƙananan mayun ƙarfe a jere, wannan ya dubi gabas, na kusa da shi yamma, ƙarfinsu ya kashe juna, ko allura ba ya ɗagawa. Amma saƙo yana ratsa shi ba tare da lantarki ya gudana ba, don haka wayar da aka ƙera da irinsa ba za ta riƙa zafi ba. Wata takwas ya yi yana haɗa shi. Malaminsa ya ce ya koma da shi bayan damina su ƙarasa awo, in babu shi babu ci gaba da karatu.

Ranar da ruwa ya kada bangon ɗakinsa, yana Maradi neman takardun tafiya. Muka kwaso kayansa gidanmu. Maigidana, baban Fati, sayen tsoffin ƙarafa ne sana'arsa, kuma mutumin nan ko cokali ka miƙa masa sai ya kara masa mayen ƙarfen da ya ciro daga lasifika. Ya buɗe gwangwani, ya kara, shiru. Ba tagulla ba ce, ba sanholo ba. Ya wurga shi cikin baraguzan da muke cike ramin ƙofar gida da su.

Da Sharifu ya dawo, har da fara'arsa maigidana ya miƙa masa gwangwanin: "Malam, na wanke maka. Ɓallin kwalba ne kawai a ciki."

Sharifu ya karɓi gwangwanin ya leƙa ciki. Ni kam na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo, takaici kamar ya kashe ni. Wa ya aike shi?

Kwana uku Sharifu yana tace laka da rariyata. Rana ta uku kunya ta ishi maigida, ya ɗaure mayensa da igiya yana ja cikin ramin. Ya fito da ƙusa goma sha ɗaya da wata wuƙata da ta ɓace bara.

"Yaya, bar shi haka," in ji Sharifu. "Ba zai kama ba. Dama don haka aka yi shi."

Damina ta wuce ba a gano abin ba, aka buɗe lakol, ya koma aji koyarwa. Har yau in ya zo gaishe ni, tsallake bakin ƙofar yake yi, ba ya takawa.