Bidunan mai butiki

Yayana direba ne, yana kai masu neman zinariya Jado, can cikin hamada. Gidan mai ɗaya yake tsayawa, na bakin unguwar Dagmanet, don a butikinsu, shagon gidan man, akwai burodi da sardin, ga famfo a bayan gini. Ni nake ɗinka buhu a jikin bidunan ruwansa, wato jarkokin, a jiƙa shi ruwan ya yi sanyi. Na esansi kuwa, wato fetur, tsirara ake barinsu. Da haka kowa ke bambance su.

Ranar tafiyarsa ta ƙarshe na raka shi. Fasinja suka ƙaru, bidunan ruwa suka kasa. Mai butikin ya fito da wasu tsofaffi, da buhunsu a jiki, aka cika su a famfo.

Na ce, "Yaya, ka sunsuna mana tukuna."

Bakinsa cike da burodi ya ce, "Ke dai! Rana na yi."

Mota ta mutu musu a tsakiyar hamadar Tenere. Waɗanda aka tsinto da rai suka ce ruwan bidunan nan warin esansi yake, duk wanda ya sha sai amai. Yaya ba ya cikinsu.

Har yau gidan man cike yake da motoci. Mutane sun ce burodinsu ya fi na kowa laushi.